Rabi ta hana tsoho cin abinci shi kaɗai

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar matata, Hajiya Rabi, Allah Ya jiƙanta. Bana na fi jin rashinta, domin yanzu ni ne tsohon da ake zuwa dubawa a gida.

Ma'aikaciyar jinya ce. Da ta yi ritaya daga asibiti, lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, sai ta tara mata kaɗan daga Badawa da Hotoro, suna shiga gidajen Nassarawa GRA suna kula da tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi Abuja aiki. Wanka, magani, juya mara lafiya kada jikinsa ya yi gyambo. Rabi akwai tsanani, wallahi har ni ina shakkarta. Ba a ɗaga mara lafiya sai mutum biyu, ba a barin banɗaki da jiƙa.

Amma dokar da ta fi ji da ita daga baya ta zo. Akwai wani Alhaji da yake ta ramewa, alhali kullum kwanonsa fayau yake fitowa daga ɗaki. Rifkatu, wata 'yar Zariya cikin ma'aikatan, ta lura ashe mai ba fulawa ruwa yake miƙa wa abincin ta taga. Rabi ta je ta tambaye shi dalili. Ya ce, "Hajiya, tun ina yaro hannu biyar nake gani a kwano. Yanzu a ajiye mini tire a ja ƙofa, yaya zai wuce?" Iyalinsa ba mugunta suka yi ba, girmamawa ce, wa zai sa hannu a kwanon uba?

Daga ranar Rabi ta ce duk ma'aikacinta sai ya wanke hannu ya ci tare da tsohonsa. Ta haka ake sanin ko ya ci, kuma in ya ƙware akwai mutum kusa. Da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu iyalai suka ce mace ba za ta zauna cin abinci da namiji ba. Ba ta yi musu gardama ba. Ta nemo dattawa maza da suka yi aikin asibiti ta ba su gidajen maza, doka dai tana nan.

Da ta rasu aikin ya watse. Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga na yau. Yarana sun ɗaukar mini wani kamfani, kuma tsakani da Allah suna da tsabta. Ma'aikacinsu yana zuwa da safar hannu, ya auna jinina, ya ɗauki hoton abincina a waya ya tura wa yarana a Abuja. Na ce masa, "Bismillah, matso mu ci." Ya ce, "Baba, ƙa'idar aikinmu ta hana." Da Rabi na nan da ta yaba safar hannun, sannan ta tambaye shi ko hoto na nuna abin da ya shiga ciki.

Rigunana sun fara yi mini yawa. Likita ya duba ya ce bai ga cuta ba. Ni na san cutar, kaɗaici ne, kuma ina jin tsoronsa.

Na so in rubuta cewa aikinta ya ɗore. Gaskiya abin da ya rage shi ne tsofaffin da suka rasu da ɗan nama a jikinsu da wani a gefensu, sai ni da na san yadda ake yi amma ba mai yi mini.

Jiya da rana na ɗauki kwanona da kaina, na lallaba har bakin ƙofa wajen Malam Sule maigadi. Na zauna a bencinsa na buɗe tuwon, na ce ya sa hannu. Sai ya miƙe zumbur, ya tuɓe takalmi ya durƙusa can gefe.

"Ranka ya daɗe, ni wa? Ci abinka, in ka rage na ci."