Malam Gimba Yelwa, Mai Tsane Mota a Bakin Gadar Anaca

Da an sallame sallar asuba a masallacinmu na Head Bridge, unguwar bakin gada, kafin masu okada su cika titi da hayaniya, za ka ga wani dattijo gajere ya fito rataye da buhu a kafaɗa, bokiti biyu a hannu, ya nufi filin da ke bayan masu sayar da taya. Malam Gimba Yelwa ke nan. Zai share wurin tas, ya shanya tsummokaransa uku a kan igiya, na gilashi daban, na jikin mota daban, na ƙafafu daban, sannan ya zauna yana lazimi har motar farko ta shigo. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana wannan a garin Anaca.

Masu wankin mota suna da yawa a nan, wasu ma da injin feshi suke yi. Abin da ya bambanta Malam Gimba shi ne abin da yake yi bayan an gama wanki, lokacin da kowa ke ganin aiki ya ƙare. Zai bi bayan madubi da hannun ƙofa da murfin tankin mai da robar gilashi, duk inda ruwa ke maƙalewa, ya hura su da wani tsohon famfon keke har ɗigon ƙarshe ya fito. Zai buɗe ƙofa ya girgiza ta, ya kara kunne. In ya ji motsin ruwa a ciki, sai ya durƙusa da tsinken tsintsiya ya zungure 'yan hudojin da ke ƙasan ƙofar waɗanda taɓo ya toshe. Garin nan damina ba ta jin kira, ruwan da aka bari a lungun mota kuwa tsatsa yake zama, ko funfuna da wari.

Hajiya Zakiyya, dillaliyar barkono a Kasuwar Ose Okwodu, ta ba ni labarin ranar farko da ta kai masa motarta. Tana sauri, an wanke, ta miƙa hannu a ba ta makulli. Sai ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ki zagaya da ita har bakin titi ki dawo.”

Ta ce, “Malam, wasa kake? Kaya na jira na a kasuwa.”

Ya ce, “In kika tafi haka, kafin ki kai Ose ruwan da ya ɓuya zai zubo ya yi mata zane, ki ce ban iya aiki ba. Minti biyu ne.”

Ta zagaya tana mita. Da ta dawo ta fito ta duba, ga layin ruwa nan ya gangaro daga madubi da bayan lamba, kamar yadda ya faɗa. Ya goge, ya zare makulli daga motar ya miƙa mata da hannu biyu. Yau shekara sha ɗaya, ta ce ko ɗanta na cikinta ba ta yarda ya wanke mata mota.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Ni mai sayar da albasa ne, rubutu sha'awa ce kawai, kuma akwai ranar da na ci wa wannan bawan Allah fuska a gaban jama'a.

Jama'armu ta Hausawa tana da wata tsohuwar farar bas da aka cire wa kujerun baya, ita ce ke kai mamatanmu maƙabarta, tafiyar kusan awa guda a hanya mai ramuka. Ba wanda ya ɗora wa Malam Gimba kula da ita, shi ya ɗora wa kansa. Shekara huɗu da suka wuce, cikin watan Yuli, Allah ya karɓi ran ƙanena Hafizu bayan jinyar kwana shida. A ranar kuwa, Malam Gimba ya je asibiti da safe karɓar magani, sai wasu 'yan'uwa suka wanke bas ɗin da gaggawa, suka watsa mata ruwa ciki da waje, suka goge inda ido ke gani.

An yi wa Hafizu sutura, an sallace shi bayan azahar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta wajen kogi. Mun ɗauko makara mun nufi mota, sai ga Malam Gimba ya iso yana haki, ledar magani a hannunsa. Ya leƙa cikin bas ɗin, ya danna shimfiɗar roba da tafin hannu, ya juyo ya tare ƙofa.

Ya ce, “Ku dakata. Kada ku sa shi tukuna.”

Raina ya ɓaci. Na ce, “Malam, matsa mana! Gawa ce a kafaɗarmu, ga ruwa zai sauko, kai kana zancen wankin mota? Kwalliya za mu je?”

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, “Ɗana, na san zafin da kake ji. Amma ƙanenka ba zai je gaban kabarinsa a jiƙe ba, ina raye.”

Limaminmu, Alhaji Indabawa, ya ce a sauke makarar a barandar masallaci. Malam Gimba ya naɗe hannun riga, ya yaye shimfiɗar robar. Wallahi ruwa ne kwance a ƙasanta, baƙi, gauraye da sabulu da tsatsa, ramin ajiye taya kuwa ya cika fal. Makararmu ta katako ce marar ƙafa, a kan daɓen motar ake ɗora ta. Ramin farko da direba zai faɗa, wannan ruwan zai taso ya shiga likkafani.

Ya durƙusa da gwiwoyinsa, dattijo mai shekara sittin da ɗoriya, ya zare toshiyar robar da ke ƙasan ramin, ruwa ya tsiyaye ƙasa. Aka ɗauko masa kayan aikinsa, ya bi da soso, ya bi da tsumma, yana matsewa yana sakewa. Da tsummokaran suka jiƙe duka, sai ya cire rawanin da ke wuyansa ya ƙarasa da shi. Ya sa bayan hannu ya shafa kowane lungu, sannan ya shimfiɗa busasshiyar tabarma, ya sauko ya ce, “Bismillah, ku kawo shi.”

Minti sha biyar ya ɗauka. Mun isa, muka sa Hafizu a makwancinsa da likkafaninsa fari sol, muna gama addu'a ruwa ya kece.

Bayan sadakar uku na je wurin aikinsa ba shi haƙuri. Na durƙusa, na ce, “Baba, na yi maka rashin kunya.” Ya kama kafaɗata ya ɗaga ni, ya ce, “Wace rashin kunya? Mai gawa ba ya laifi a wurina. Allah ya jiƙan Hafizu. Riƙe min bakin robar nan in ɗauraye.” Iyakar abin da ya ce ke nan.

Daga baya Liman ya gaya min cewa tun da aka sayi bas ɗin, ba a taɓa kai mamaci aka dawo ba face Malam Gimba ya wanke ta, ya buɗe ƙofofinta ta sha iska, ya tsane ta kafin ya koma kan motocin da ke jiransa. Fataken shanu, mahauta, 'yan dako, jarirai, duk a motar da ya tsane suka yi tafiyarsu ta ƙarshe, kuma yawancin danginsu ba su ma san sunansa ba.

Malam Gimba, kai ne mai aikin da ba a gani sai an rasa shi. Kai ne ka sa in Inyamurai maƙwabtanmu suna neman wanda zai riƙe amana a unguwar nan, suke cewa a je wurin dattijon nan na bayan masu taya. Baƙi muke a garin nan, amma ka sa muna tafiya da kanmu a sama. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka gama lafiya.

Yanzu likita ya hana shi taɓa ruwa da sabulu, don yatsunsa sun tsattsage, sanyi kuma ya kama gaɓoɓinsa. Ranar Asabar mai zuwa zai bi motar albasa ya koma Yelwa wurin iyalinsa. Ni da wasu 'yan'uwa biyu mun karɓi kula da bas ɗin, ya kuma zaunar da mu kwana biyu yana nuna mana inda ruwa ke ɓuya, yana gyara mana kamar 'yan makaranta.

Ina kira ga matasanmu da ke Anaca da Fatakwal da Inugu, mai tura baro da mai yankan farce da mai fawa, kowa ya ƙarasa aikinsa har inda mai shi ba zai duba ba. Wanda kuma yake kusa, ya zo masallacin Head Bridge ranar Juma'a mu yi sallama da shi. In kun zo gaisawa, ku riƙe hannun nan a hankali, ciwo yake masa.