Ƙararrawa Kafin Kare

Loeiz Kervella a kan rufin gidajen mutane ya tsufa, yana jera falalen dutse yana buga ƙusa, daga ƙauyenmu na Kerlosket da ke tsakiyar ƙasar Breton har garuruwan bakin teku. Guduma ta cinye rabin kunnensa, bindiga ta cinye rabin abin da ya saura. Ɗan ragowar kuma, in ji matarsa Soazig, na zaɓe ne: yana jin "abinci ya sauka" daga bayan lambu, amma "famfo yana yoyo" ko a bakin kunnensa aka faɗa ba ta shiga. Likita ya ba shi na'urar ji. Ya sa ta sau ɗaya ya fita daji, iska ta yi ta yi masa fito a ka, ya harba bindiga ya ji kamar an rufe shi a cikin ganga an doka. Tun ranar na'urar take cikin kwanon maɓallai, sai ranar biki ake fito da ita.

Kurumta ga mai rufi ba wani abu ba ce. Ga mai farautar bekas kuwa ita ce ƙarshen zance, domin wannan tsuntsu da kunne ake farautarsa. Yana zuwa da sanyin Nuwamba, da dogon bakinsa, ya shige sarƙaƙiyar ƙaya inda mutum ba ya ganin gwiwarsa balle karensa. Shi ya sa ake rataya wa kare ƙararrawa. Muddin tana kaɗawa, kare yana nema. Da ta yi shiru, to ya ƙame ke nan, hanci a miƙe, ƙafa ɗaya a ɗage, tsuntsu kwance a gabansa. Sai maharbi ya nufi inda sautin ya mutu. To ga mutumin da ƙararrawa ta riga ta yi masa shiru tun kare bai bar bakin mota ba, ina zai nufa?

Karensa na lokacin Avel ne, fari, irin karnukan farautar da ake kira seta, mai dogayen ƙafafu, wanda in ka kwance shi da safe sai ka tambayi mutanen ƙauye na gaba labarinsa. Wata safiya a kwarin da ke bayan tsohon injin niƙa, Loeiz ya daina jin ƙararrawa. Ya ce to madalla, kare ya ƙame. Ya ɗana bindiga, ya duƙa, ya fara sanɗa cikin ƙaya kamar ɓarawon kaji, yana raɗa wa karen da ba ya wurin: "Riƙe shi, yarona, ga ni nan." Alhali Avel yana can ƙetaren kwari yana ta kaɗa ƙararrawa, kowa na ji sai mai shi. Gwilherm Prigent, dillalin taraktoci kuma shugaban ƙungiyar mafarautanmu, yana tsaye a kan tudu yana kallo har da riƙe ciki. Dariyar ta yanke ne da wani tsuntsu ya tashi daga gefen rafi, Loeiz ya juya ya harba ƙasa-ƙasa, daidai lokacin da Avel ya dawo ta nan a guje. Ƙwayar harsashi ɗaya ta huda masa kunne. Karen ya warke, da bazara tsufa ya ɗauke shi a kan buhun da yake kwana. Maganar ce ba ta warke ba.

A gidan shan kofi na bakin coci Gwilherm ya zaunar da shi.

"Loeiz, tare muka yi makaranta, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Babu wanda zai sake shiga daji da mutumin da bai san inda karensa yake ba. Yau kunnen naka karen, gobe na wa?"

"Naka ma ai ya yi yawa, a rage."

"Ba wasa nake ba, tsoho. Ka sayi sabon seta, ka sa masa abin wuya mai na'ura irin namu. Ka duba allo a hannunka, ga kare, ga nisa, ga inda ya tsaya. Ko kurman dutse zai iya."

"Allo. Na bar talabijin a gida don in zo daji in kalli wata ƙarama? Ubana da ƙararrawa ya koya mini, kai ma naka uban haka. In ina son in bi ɗigo a kan gilashi sai in zama direban tasi."

"To ka ji sharaɗi. Ranar buɗe farauta zan bi ka. Karenka ya ƙame, ka je wurinsa kai tsaye ba tare da na nuna maka da yatsa ba. Ka kasa, ka ajiye gurbinka a ƙungiya, ka koma kamun kifi."

Dajin duk na ƙungiya ne. Wanda aka cire, ya gama da bekas. Loeiz ya shanye kofinsa ya ce, "Kifi ba ya tashi sama, me zan yi da shi?" Ya ɗauki hularsa ya fita.

Kowa kare yake fara saye, sannan ya nemo masa ƙararrawa. Loeiz ya juya abin. Ranar kasuwar dabbobi ya ja Soazig zuwa rumfar wani mai sayar da ƙararrawar tumaki da awaki da shanu. Ya tsaya a bakin fili ya ba ta baya, ya ce ta ɗauki ɗaya ta yi ta tafiya tana kaɗawa, in ya daina ji zai ɗaga hannu. Ƙananan masu siririyar murya, irin waɗanda ake sa wa seta, tun ba ta yi taku nawa ba hannu ya tashi. Ta dawo ta canja. Hannu ya tashi. Masu sayar da maruƙa suka bar ciniki suka jingina da shinge suna kallon mace mai furfura da jakar hannu tana zarya a fili tana kaɗa ƙararrawa kamar akuyar da ta ɓata.

"Kervella," ta ce da ta dawo karo na ban san nawa ba, kuma in ta kira shi da sunan gidansu to ruwa ya kusa tafasa, "ko ranar aurenmu ban tara 'yan kallo haka ba."

"Ranar ai ba ki da ƙararrawa. Gwada waccan."

Waccan ɗin ta ragon garke ce, girman dunƙulen hannu, muryarta ƙasa-ƙasa kamar ana buga tukunyar ƙarfe a cikin rijiya. Soazig ta yi ta tafiya, gwam, gwam, har ta kai tsakiyar fili, ta wuce, sai can kusa da itatuwan tuffa hannun ya tashi. Da ya waiwayo ya ga nisan, sai ya auna filin da ido irin na mai rufi, ya ce a ransa: iyakar duniyata ke nan. Yanzu saura karen da wuyansa zai ɗauki wannan, ƙafarsa kuma ba za ta fitar da ita daga wannan fili ba.

A hanyar gida Soazig ta kafa nata sharuɗɗan.

"Kai wata uku kake da kare. Sauran shekara nawa ne. Ni ke fita da shi da safe, ni ke ba maƙwabta haƙuri a kan kajinsu. Avel sau biyu yana gurɗa mini kafaɗa. Wannan karon ina son wanda zan riƙe da hannu ɗaya, wanda jikoki za su zo ran Lahadi su ja masa kunne ya yi hamma. Kuma ba keji a bayan gida. Na gaji da kukan kare ta taga."

"A ɗaki zai kwana?"

"A ɗakin girki. Ɗakin kwana akwai mai minshari ɗaya, ya isa."

Suka shiga zagayen masu kiwo. Seta, kyakkyawa kamar amarya, amma zai kai ƙararrawar inda ko Soazig ba za ta ji ba. Karen nan ɗan ƙasarmu mai guntun wutsiya, Loeiz ya so shi har zuciya, sai dai da ya gwada masa ƙararrawar sai karen ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da laifi, ga shi kuma ba ya zama wuri ɗaya ko a cikin gida. Mai gajeren gashi ɗan Ingila, ƙayar kwarinmu za ta yi masa zane, ya dawo yana rawar sanyi. A ƙarshe suka isa gonar wata mata, Annaig, mai kiwon girifon, karnukan nan masu kaushin gashi da gemu da gira, kowanne da fuskar tsohon da aka tashe shi daga barci.

Ta nuna musu 'yan kwikwiyo. Loeiz yana kallon wani saurayin kare da ke zaune shi kaɗai a bakin rumbu.

"Wancan fa?"

"Wancan mayar mini da shi aka yi. Hancinsa lafiya, yana ƙamewa kamar an dasa shi. Amma ba ya nisa. Ya ɗan shiga daji sai ya dawo ya leƙa ko mai shi yana nan. Mutumin ya ce shi kare ya saya, ba mai jinya ba."

Loeiz ya ciro ƙararrawar daga aljihun kwat ya ɗaura masa. Karen ya girgiza wuya sau ɗaya, gwam, ya dubi sararin sama kamar yana tambayar wa ya mutu, sannan ya tashi ya taka zuwa wurin Soazig ya ɗora jiƙaƙƙen gemunsa a kan siket ɗinta.

"Aibin da aka mayar da shi saboda shi," in ji Loeiz, "shi na zo nema."

Suka sa masa suna Barvek, wato mai gemu. Gemun nan ya zama aikin gida: ya sha ruwa, rabi ya shiga ciki, rabi ya bi shi har falo. Soazig ta rataye masa tawul nasa na kansa kusa da na hannu, tana zaginsa tana goge shi. Jikoki suka yi masa kitso a gemu ya zauna kamar a shagon aski. Da labari ya kai gidan kofi, Gwilherm ya kama kai.

"Karen farauta a gindin murhu? Ka kashe masa hanci, Loeiz. Kowa ya sani. Wanda ya kwana yana shaƙar man shanu da wainar Soazig, bekas zai wuce ta gabansa ya gaishe shi bai sani ba."

"Kai shekara nawa kana shaƙar man tarakta, amma kana jin ƙanshin kuɗi daga gari uku."

"Kuma an ce ƙararrawar saniya ka rataya masa. Za mu tatse shi ne ko za mu yi farauta?"

"Ka zo da ƙwarya, ka gwada."

Ranar buɗe farauta hazo ya cika kwari, ƙaya tana ɗigar ruwa. Gwilherm ya kwance setarsa, ta ɓace kamar an harba ta, shi kuma ya sunkuya a kan allonsa. Barvek ya shiga sarƙaƙiya a tsanake, gwam, gwam, gwam, ya yi dama, ya yi hagu, ya dawo ya leƙo da girarsa, ya koma. Loeiz yana tafe da kai a karkace, kunnen da ya fi dama-dama a gaba, bakinsa a ɗan buɗe. Tun shekaru bai ji karensa yana aiki ba. Yana jin sa yana gangara rafi, yana jin sa yana hawowa. Setar Gwilherm ta ƙame can nesa, suka yi tattaki, Gwilherm ya harbo tsuntsu. Ta sake, ya sake. Barvek ko ƙyalli. Gwilherm ya shafa hancinsa ya yi alamar juya waina.

Rana ta ɗan ɗaga, a gangaren da ke bayan injin niƙa, wurin da aka yi abin kunyar bara, ƙararrawar ta yanke.

Loeiz ya tsaya. Zuciyarsa ta ce masa: ko kunnen ne ya sake yi maka? Ya tuna gwam na ƙarshe, daga hagu ya zo, ƙasa kaɗan, kusa da ruwa. Bai dubi Gwilherm ba. Ya kutsa cikin ƙaya tana yagar masa wando, ya zagaye wani kututture, ya sunkuya ƙarƙashin reshe. Ga Barvek a ƙame, gemu yana ɗiga, ƙafa a ɗage, ido ɗaya ya juyo yana cewa ka daɗe. Tsuntsu ya tashi da fuffuka kamar an yage zane, ya bi tsakanin itatuwa. Loeiz ya jira ya hau sama sosai, sannan ya harba. Ya sake harbawa. Ganye ya zubo. Bekas ya tafi abinsa, ko gashi ɗaya bai bari ba.

Gwilherm ya iso yana haki. "Ka kuskure, tsoho. Tsuntsu a buɗe kamar ƙofar coci."

"Sharaɗin me ka kafa? Ka ce in sami karena. Ga karena. Ba ka ce in iya harbi ba, da tun muna makaranta an kore ni."

Gwilherm ya dubi karen, ya dubi allon da ke hannunsa, ya cusa shi a aljihu. "Gurbinka yana nan. Amma ka riƙa bin ƙetaren kwari, wannan tukunyar taka ta sa mini ciwon kai."

A waccan shekarar Loeiz ne na ƙarshe a ƙungiya wajen yawan tsuntsu, bana ma haka, kuma setar Gwilherm ta fi Barvek nesa ba kusa ba, shi da kansa ba ya musu. Kunnen kuma bai tsaya ba, likita ya ce zai ci gaba da tafiya. Soazig ta tambaye shi wata safiya, tana goge gemun kare, me zai yi ran da ƙararrawar ragon ma ta yi masa shiru.

"Akwai ta bijimi," ya ce, yana ɗaure igiyar takalmi. "In ita ma ta ƙi, ni na gyara rufin hasumiyar coci. Na san yadda ake kwance ƙararrawar can."