Hannun Ilu Baduku

Duk wanda ya san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ya san rumfar mahaifina, Ilu Baduku, can bayan 'yan igiya. Shekara arba'in da 'yan kai yana zaune a wurin yana ɗinka takalma da zabira da kuben wuƙa. Buzaye kan zo daga Damagaram su bar masa takobi, sai bayan wata biyu su dawo su tarar da kube kamar tare aka ƙera su. Bai yi boko ba, noma kuwa sai dai a ce ya taɓa. Hannunsa na dama shi ne gonarsa. Da shi ya ciyar da mu bakwai, da shi ya kai ni har na zama malamar firamare a Gumel.

Aibinsa ɗaya ne, kuma a kansa mutane suke yabonsa: kara. Baba ba ya iya cewa a'a. Ka ba shi kunu da ƙuda a ciki, zai shanye ya sa maka albarka don kada ka ji kunya. Wannan hali ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma ni 'yar fari ce, ko sunana ba ya faɗa, balle in zauna in yi masa gyara.

Bara, bayan Babbar Sallah, wuta ta tashi a teburin mai sayar da fetur a kwalba, ta lashe rumfuna huɗu har da ta Baba. Kowa ya yi ta kansa. Shi kuwa ya koma ya zura hannu cikin wuta ya jawo buhun kayan da aka ba shi ɗinki, wai amanar mutane ce. Kayan sun tsira. Hannun dama ya ƙone tun daga yatsu har wuyan hannu.

Na sa aka kawo shi asibiti a Gumel, suka wanke ciwon suka tura mu Kano. A can wata likita, Dakta Mahbuba, ta jawo kujera ta zauna gabansa.

"Baba, a ƙasan fatar mutum akwai wasu ƙwayoyi, su ne irin da ke haifar da sabuwar fata. In ƙuna ta tsaya a sama, irin yana nan, fata za ta tofo da kanta. Taka ta yi zurfi, ta cinye irin. A wasu ƙasashe akan yanki 'yar fatar mutum, a rene ta a ɗakin gwaji kamar yadda ake renon dashen tumatir, in ta yaɗu a shimfiɗa masa a kan ciwon. Mu ba mu da wannan a nan. Za mu ɗebo siririyar fata daga cinyarka mu dasa a hannun, mu raba kowane yatsa da ɗan'uwansa har ya warke."

Duk da zafin da yake ji, sai da ya yi murmushi.

"Wato maho za ki yi mini, 'yata. Ai sana'ata ce. Na yarda."

Aka sa ranar Litinin. Sai ya roƙa a bar shi ya je gida kwana uku ya mayar wa mutane kayansu. Likita ba ta so ba, ni na tsaya masa. Da ma bakina ya yi ciwo ranar nan.

Mun iso gida muka tarar da Malam Sajo a zaure. Amininsa ne tun suna yara, kuma 'yarsa ce matar ƙanena. Gidansu sun gaji maganin ƙuna kaka da kakanni, kuma gaskiya ɗaya ce, yaran da kunu ya zubar wa a ƙafa suna warkewa a hannunsa, ko da yake yanzu na san da shi da babu shi za su warke. Ya zo da ƙoƙo cike da gashin zomo da wani baƙin mai a kwalba.

"Ilu, ina raye za a kai ka birni a yanke maka cinya mai lafiya? Me zan ce wa mutanen gari? Ashe ba ka yarda da gidanmu ba?"

Mutumin da ya fahimci maganar likita fiye da ni, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa fata maho, sai ya sunkuyar da kai ya miƙa hannu. Ina tsaye a bakin ƙofa, takardar asibiti tana cikin jakata, ban fito da ita ba. Har yau ban yafe wa kaina ba.

Malam Sajo ya warware bandeji, ya shafa mai, ya lulluɓe ciwon da gashin zomo, ya haɗa yatsu huɗu wuri ɗaya ya naɗe su tamau da tsumma. Ranar Lahadi na je na durƙusa gaban Baba.

"Baba, gobe ne likita take jiranmu."

"Ke, mutum ya fara aiki ba a karɓe masa a tsakiya. Surukinmu ne. A bar shi ya gama."

"In ya gama da hannun fa?"

Iya, mahaifiyarmu, ta daka mini tsawa, wai boko ya cire mini kunya. Na tashi na koma Gumel ina kuka.

Wata biyu aka yi. Baba ya sha zazzaɓi, ɗaki ya yi warin da ba a iya shiga, amma da sauran kwanansa. Ciwon ya rufe. Ranar da aka cire tsumman ƙarshe, yatsu huɗun sun manne sun zama abu ɗaya, sun lanƙwashe cikin tafi kamar ludayi, babban yatsa ya ƙage a gefe. Malam Sajo ya zaga gari yana cewa ya warkar da Ilu ba wuƙa ba allura. Mutane suna ta zuwa barka. Barkar me, don Allah?

Na mayar da Baba Kano. Dakta Mahbuba ta daɗe tana juya hannun. Sannan ta ce da aiki biyu ko uku za a iya buɗe shi ya ci abinci ya yi alwala, amma riƙon basilla, a cire rai. Baba ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni ma na yi imani da ƙaddara, amma ba ƙaddara na gani da idona tana naɗe masa yatsu da tsumma ba.

Rumfar tana nan a rufe. Kullum bayan la'asar yakan fito da akwatin kayan aikinsa ya goge su da hannun hagu ya mayar.

Watan jiya na je gaishe su, sai ga Malam Sajo da takalminsa a hannu, maɗaurin ya tsinke. Shekara arba'in Baba ne mai gyara masa, ko a jikinsa ya ajiye a gabansa yana ta hira. Na ce yau dai za a yi ta ta ƙare. Baba ya ɗauki basilla, ta zame. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Sai ya ɗora gefen rigarsa a kan hannun.

"Haske ya yi ƙasa, Malam. Ka dawo gobe."

Da ya tafi, Baba ya miƙo mini takalmin bai dube ni ba.

"Kai wa wani baduku a Gumel ya ɗinke, inda ba wanda ya san mu. Kada Malam ya ji. Zai ji kunya."

Na karɓa. Na fita da niyyar in je ƙofar gidan Malam Sajo in jefa masa abinsa a tsinke, in gaya masa abin da ya yi, gari duk ya ji. Har na kai bakin lungunsu. Na tsaya, na daɗe a tsaye, sannan na juya na nufi tasha.

Washegari na dawo da takalmin a ɗinke. Malam Sajo ya jujjuya shi, ya ce hannun Ilu har yanzu ba na biyunsa. Baba ya ce alhamdulillahi. Ni kuma na kawo musu ruwa.