Inna da na'urar falo

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a wannan zauren ba, har wasu sun fara cewa girman kai ne. Wallahi ba shi ba ne, 'yar'uwarku ce dai kamar kullum. Jinyar Inna muke yi, mahaifiyata.

Waɗanda suka tashi a Ketaren Gwari sun san ta. Ita ce mai masar nan ta ƙarƙashin mangwaro. Muna yara, da ƙarar jirgin ƙasa take sanin lokaci, don Baba ma'aikacin reluwe ne. Jirgi na yin kuka za ta ce a ɗora ruwan wanka, ya kusa dawowa. A gidanmu na Ketaren Gwarin aka kawo ta amarya, a nan ta haife mu, daga nan aka fita da gawar Baba.

Abin ya fara ne da tukunya. Sau biyu tana barin ta a kan gas har ta ƙone. Sai wata rana ta je kasuwa ta kasa gane hanyar gida, hanyar da ta fi shekara arba'in tana bi.

Muka je asibiti. Gwajin jini, hoton ƙwaƙwalwa, layi tun safe har azahar, ga kuɗi ba kaɗan ba. Likita ta ba ta takarda ta ce ta zana agogo. Inna ta kalle ta ta ce, "'Yar nan, 'ya'ya biyar na aurar, yau kuma zane za ki sa ni?" Muka yi dariya. Amma ta kasa zanawa, ni kuwa na fita waje na yi kuka.

Likita ta ce ciwon mantuwa ne, matakin farko. "Ba ya warkewa, amma ana rage masa gudu. Kafin ku ɗauke ta daga gidanta, ku fara sanin yadda take wuni."

Ni ina Abuja. Iya Lami, ƙanwar Inna da suke zaune tare, tana wuni a shago. To, sai muka sa na'urori: ɗaya a ƙofar gida mai sanar da mu in an fita, ɗaya a kicin saboda gas, da kyamara a falo. Maigidana ne ya ɗaura su da kansa. Don ya kwantar mata da hankali ya ce, "Inna, duk inda nake ina ganinku a wayata."

Ta ce, "To, madalla." Ba wanda ya kawo komai a ransa.

Mako uku muna kallo, abin da muke gani yana tsinka min zuciya. Inna za ta zauna a falo cikin hijabi, a takure, ba motsi. Abincin da Iya Lami ta ajiye mata a tebur ko buɗewa ba ta yi. Na tura wa likita, ta ce in har ta daina ci, zama ita kaɗai da rana ya ƙare.

Muka yanke shawara za ta koma wurina. Na san ba ta so. Ta taɓa ce min daga gidan nan sai kabari.

Ranar da na zo haɗa kaya ban gaya wa kowa ba. Na shiga falo ba ta nan. Na leƙa ɗakinta, sai ga Inna zaune a tabarma, ba ɗankwali, tana cin ɗumamen tuwo da miyar kuka hannu baka hannu ƙwarya.

Ta ce, "Turo ƙofar, kada ya hango ni."

Na ce, "Wa, Inna?"

"Mijinki mana. Ba yana cikin abin can ba? Ke yanzu sai in buɗe baki in ci abinci gaban surukina?"

Na ce to me ya sa take wuni a falon. Ta ce, "Ai kun ce in ba ku gan ni ba hankalinku tashi yake."

Na zauna a ƙasa, dariya da kuka suka haɗe min. Matar da ba ta san yau wace rana ba, mako uku tana zaman baƙunta a falonta saboda kunya, kuma saboda mu.

Da na gaya wa likita ta ce, "Na'ura ta ga abin da ta gani. Mu ne ba mu tambayi Inna ba."

Mun cire kyamarar. Mun bar ta ƙofa da ta gas, mun ƙara akwatin magani mai ƙara in lokaci ya yi. Iya Lami tana dawowa da azahar su ci tare. Likita ta ce a sake dubawa bayan wata uku, kuma na san wata rana tafiyar za ta zama dole.

Na gode wa Allah, na gode wa Iya Lami, da duk wanda ya kira ban ɗauka ba. Ku yafe min.

Shawarata: in kun ga tsohonku ya fara mantuwa, ku kai shi asibiti da wuri, kada ku ce tsufa ne kawai. In za ku sa na'ura, ku nemi yardarsa, ku gaya masa wa zai gani. Abin da kuka gani a waya kuma, ku je ku tambaye shi dalili.

Akwatunan da na zo da su na koma da su wayam. Inna tana gidanta. Ku sa ta a addu'a.