Hanyar da ta raba gonar Yaya Ummaru

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Ummaru, Allah Ya jiƙansa. Zan faɗi abin da ya same shi bi da bi, domin mutane sun fara gyara labarin.

Kafin aikin madatsar Bakolori, duk mai zuwa kasuwar Talata Mafara daga wajen Dosara ta gefen gonarsa yake bi. Ya kafa rumfa a wurin, ya ajiye randa. Fatake su sauke jakuna, su yi azahar, su wuce.

Da aka zo haƙa magudanar ruwa, wani ma'aikaci ya iso yana tambayar matafiya inda za su riƙa bi, tsohuwar hanya ko sabuwar da za ta bi bakin magudana, don a san ko za a sa gada a wajenmu. Kuskure na farko, a rumfar Ummaru aka yi tambayar, kowa da moɗar ruwansa a hannu. Bube mai jakuna, amininsa tun ƙuruciya, shi ya fara magana: "Mu da munka gaji hanyag ga, mi za mu nema can? Ko jakina ka tambaya, nan za shi ce maka." Aka yi dariya, kowa ya ce haka ne.

Kuskure na biyu na Yaya ne, ya yarda da maganarsu. Gadar ba ta yiwuwa sai hanya ta ratsa tsakiyar fadamar da ke ciyar da gidansa. Na ce ya dakata. Ya ce, "Sani, mutane sun yi magana." Ya ba da ƙasar kyauta, aka fitar da hanyar, aka yi gadar.

Ba a daɗe ba motoci suka fara bin bakin magudana. Bube ya sayar da jakunansa ya shiga mota. Ranar Talata Yaya kan cika randa ya zauna, yana hango su daga nesa suna wucewa. Haka har ya koma ga Allah. Bai taɓa zagin kowa ba. Ni ban kai shi haƙuri ba.

Ban ce kada mai kaya ya bi hanya mai sauƙi ba. Amma alkawari kaya ne, kuma matafiyan nan sun san inda za su bi tun suna shan ruwansa. Ana ce mini kara suka yi masa. Karar da ta cinye fadamar mutum ba kara ba ce.

Yau waya ce ke gaya wa matafiyi hanyar da ta fi sauri, ba ta jin kunyar kowa. Da Yaya yana nan, ina zaton da har yanzu maganar mutum zai riƙe. Halinsa ne, shi kuma ya bar wa 'ya'yansa, domin tun rasuwarsa ba su sa garma a hanyar ba.

Bana ɗansa Lawali ya ce mini, "Baba, gero bai isammu. In nome hanyar?"

Na ce ya nome. Wanda ya ce zai bi, ya fara kawo sawunsa mu gani.