Baba Dakata da Sunan Direba na Biyu

Tun kafin a buɗe ofishin ba da hayar motoci, Baba Dakata ya riga ya zagaye kowace mota a filin ajiya. Yakan durƙusa a kan gwiwoyinsa masu ƙara, ya leƙa ƙarƙashi da tocila, ya shafa jikin ƙarfen da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Duk ƙujewar da ya samu, ko da girman farce ce, sai ya zana ta a kati. Sannan ya wanke hannu, ya zauna bayan kanta yana jiran masu sauri. Shekara talatin da ɗaya ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Abokan ciniki ne suka laƙaba masa sunan, ba kuwa don yabo ba. Da ka miƙa hannu za ka ɗauki makulli, sai ya dafe shi ya ce, "Dakata tukuna, ba mu karanta takardar inshora ba." Masu gadin wurin sun ce sun taɓa ganin ya tsayar da wani babban lauya yana karanta masa ƙananan rubutun nan na can ƙasa, har lauyan ya gyara zama ya ce a maimaita masa.

Akwai wata mai ɗinki da ta fi kowa sanin darajar wannan tsaiko. Keken ɗinki uku gare ta a ɗan shagonta, da su take riƙe gida tun rasuwar mijinta. Ranar da za a yi wa mahaifiyarta aikin ido a wani asibiti mai nisa, ta zo ɗaukar mota, don tsohuwar ba za ta jure cunkoson motar tasha ba. Ƙaninta ya rako su.

"Wa zai tuƙa?" in ji Baba.

"Ni ce, Baba. Ga lasisina."

"Ke kaɗai, zuwa da dawowa?"

"In na gaji ƙanina ya karɓe ni."

"To, sai mu sa sunansa. Inshorar nan sai ta san wanda ke riƙe da sitiyari. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, alhali wanda ba a rubuta ba ne ke tuƙi, babu ruwansu. Ke za ki biya motar nan tun daga taya har rufi. Samari, kawo lasisi."

Ƙanin ya laluba nan, ya laluba can. Ashe ya baro shi a aljihun wandon jiya.

"Haba Baba, ni da na iya mota tun ƙafata ba ta kai birki ba? Bar shi kawai, wa zai sani?"

"Ni zan sani. Je ka ɗauko."

"Yaya, kin ga tsohon nan? Da shi ke ba da izinin haihuwa, da har yau ina ciki!"

Mai ɗinkin ba ta yi dariya ba. Likita ya ce ƙarfe biyu, ga rana tana ta ɗagawa. Ta yi ta roƙon Baba. Bai saki makullin ba. Sai dai ya tashi ya ba tsohuwar kujerarsa mai laushi, ya cike sauran takardun a tsaye, ya bar layi guda a buɗe. Minti arba'in suka tafi kafin ƙanin ya dawo yana haki. Ta fizgi makullin ko na gode ba ta ce ba, ta ƙudurta a ranta ita da wurin nan har abada.

Da ƙyar suka cim ma likita. Washegari da hantsi, suna hanyar dawowa, ƙanin na tuƙi, tayar gaba ta fashe. Motar ta ƙwace ta daki shingen gada. Allah ya tsare, babu wanda ya ko ƙuje, amma gaban motar ya naɗe kamar takarda. Tana tsaye a bakin titi riƙe da hannun tsohuwa, ba motar take gani ba, kekunanta take hange ana fitarwa daga shago ɗaya bayan ɗaya.

Da jami'in inshora ya iso, tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ke tuƙi?"

Ƙanin, wanda tsoro ya mantar da shi komai, ya raɗa mata, "Yaya, ce ke ce."

"Shi ne," ta ce, tana nuna shi.

Jami'in ya bi takarda da yatsa har ya tsaya a kan wani layi mai rubutu tsaf. "Yana ciki. Mu za mu ɗauki gyaran. Ki kai Inna gida ta huta."

Nan ta zauna a kan shingen tana kuka.

Da ta koma ofishin neman gafara, ta tsara maganganu tun daga gida. Baba bai bari ta kai tsakiya ba. "Bar wannan, 'yata. Idon Inna fa, ya buɗe?"

Baba, kai ne mai haƙurin shan zagin safe don wani ya tsira da yamma. Ka san za a harare ka, za a yi maka tsaki, ka kuma san yawancin waɗanda ka tsayar za su dawo lafiya ba tare da sun taɓa sanin abin da ka kare musu ba. Duk da haka ba ka taɓa gajiya ka ce a wuce kawai ba. Ban san yadda mutum ke iya wannan har shekara talatin da ɗaya ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sanyaya gwiwoyin nan. Ku kuma da ke zaune bayan kanta a ko'ina, in mai sauri ya miƙo hannu, ku daure ku gaya masa abin da takardar ta ce, ko da zai tafi yana fushi da ku. Yau shagon mai ɗinkin a buɗe yake, kekuna uku suna ta ƙara, kuma tsohuwar da kanta take zura musu zare a allura.