Ƙofar da Na Kwaso daga Rusau

Ƙofar ɗakina a Jikwoyi ba ta buɗuwa da hannu kaɗai. Sai ka murɗa makulli, ka sa gwiwa ka ɗan ɗaga ta sama, sannan ta yarda. Ta ƙarfe ce mai nauyi, ƙasanta yana jan siminti. Duk baƙuwar da ta yi fama da ita sai ta tambaye ni wa ya yi wannan karkatacciyar aba, ni kuwa in ce aikin maigida ne. Haka na yi ta faɗa shekara da shekaru, alhali maigidan ban ma san ko yana duniya ba.

Mai walda ne. Ya ƙera ƙofar ne muna sabon aure, don ɗan gidanmu da ke wata unguwar talakawa a hanyar filin jirgi. Daga baya ya ce ya samu aikin bututu a Fatakwal, zai je ya dawo. Da farko yana kira, yana ɗan aiko da abin cefane. Sai kiran ya ragu, sai lambar ta daina shiga. Ni kaɗai ce a gidan ranar da aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rusau. Kafin katafila ta iso kowa ya hau ciccire abin da zai iya, wani kwanon rufi, wani taga. Ni ƙofar na sa aka ɓalle mini. Ɗakin da na kama a Jikwoyi langa-langa ce kawai a bakinsa, saboda haka mai gidan hayar bai yi musu ba da na ce zan sa tawa.

Bayan wasu shekaru na haɗu da wan mijin nawa a wajen wata ta'aziyya. Ya ja ni gefe ya ce in daina jira, ya ji labarin ƙanin nasa ya biyo ta Abuja ya sake ni a kotu. Na tambaye shi wace kotu, ya ce bai sani ba. Takarda fa? Ya ce ai tana can kotun. Na koma gida na yi idda, na yi kukan da zan yi, na ci gaba da sayar da atamfa a rumfata ta kasuwar Garki. Ba wanda ya taɓa tambayar mai sayar da atamfa takardar saki, ni ma ban nema ba.

Sai da wani mutum ya fito yana so na da aure. Direba ne a cibiyar bincike ta Sheda, matarsa ta rasu, yana noman doya a bayan gidansa. Ya zo saya wa 'ya'yansa mata zannuwan Sallah ne, daga nan ya riƙa dawowa yana sayen abin da ba ya buƙata. Mutum ne mai nauyin baki, kafin ya gama gaisuwa ka sayar da turmi biyu. Na so shi, ba zan ɓoye ba. Na gaji da cin tuwo ni kaɗai.

Yayana, wanda shi ne waliyyina, ya amince. Liman ne ya ce a dakata. Ya ce maganar mutum ɗaya wanda shi ma ji ya yi ba ta kashe aure, kuma shi ba zai ɗaura aure a kan aure ba. Ko dai takarda daga hannun mijin, ko daga kotu. Wan mijin kuwa a lokacin ya riga mu gidan gaskiya. Na ji haushin liman ƙwarai, har na daina gaishe shi da kyau, duk da na san gaskiya ya faɗa.

Da na fara nema, na ɗauka akwai wani ofis guda a Abuja inda ake danna suna a kwamfuta, saki ya fito. Babbar kotu na fara zuwa, inda lauyoyi ke yawo da baƙar riga cikin wannan zafi. Wani ma'aikaci ya tambaye ni inda aka ɗaura aurena, coci ko rajista. Na ce a ƙofar gidan mahaifina, da goro da alewa. Ya ce to na ɓata hanya, su auren takarda suke rabawa, auren Musulunci kotun yanki ce da shi. Wacce daga ciki? Ya ɗaga kafaɗa. Ashe kowace kotu tana riƙe da nata fayil-fayil ne, kuma wannan ba ta san abin da ke cikin waccan ba.

Haka na riƙa rufe rumfa ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina tsarin iri ɗaya ne. Ka rubuta neman a duba maka, ka je banki ka biya, ka kawo rasit, a ce ka dawo. In ka dawo a tambaye ka lambar fayil. Ba ka da ita, a tambaye ka shekarar. Ni kuwa abin da na sani shi ne bayan rusau ne, kafin ta'aziyyar nan. A wata kotun an bar ni na leƙa ɗakin ajiya. Fayiloli ne ɗaure da igiya tun daga ƙasa har rufi, na ƙasan ruwa ya taɓa su sun manne da juna. Na tsaya ina kallon auren mutane a tsibe kamar buhunan gawayi, ƙafafuna suna zafi.

A kotun da ta fi kusa da mu ne wata mata mai kula da rajista ta tausaya mini. 'Yar Filato ce, da ƙaramin gicciye a wuyanta, kullum da ƙullin gyaɗa a kan teburinta. Ta bi manyan littattafan shekarun da nake zato da yatsa har ta gaji, sannan ta cire tabarau.

"Hajiya, ba lamba, ba shekara, ni ba boka ba ne," in ji ta. "Kuma bari in gaya maki gaskiya. Mazanku ba ya zuwa nan sakin mata. A gida suna yi, da baki ko a waya. Dubi benci nan, duka mata ne. Wannan case da kike nema, I don't think akwai shi."

Na juya na dubi bencin. Mata ne kuwa, wasu da goyo, kowacce riƙe da leda mai takardu. Na yi watanni ina zama a cikinsu ban lura ba. Nan take na gane wan mijina ko dai an yi masa ƙarya, ko tausayina ya ji ya ƙirƙiro maganar don in huta. Duk shekarun nan da nake ganin kaina bazawara, matar aure ce ni. Kunya ta kama ni, ban san ta mece ce ba.

Matar ta ce in bar tonon abin da babu, in shigar da ƙara da kaina. Ta zayyana mini yadda ake yi. A kotun da ke yankin da nake zaune zan kai kuka, in faɗi tun yaushe ya tafi, ba ci ba sha ba labari, in roƙi a raba auren. Za a buɗe fayil, a ba ni lamba, a rubuta sammaci a kai masa. Ta ce in riƙe lambar nan da kyau, har a bangon ɗaki in rubuta ta in zan iya.

A kan sammacin aka sake tsayawa. Ina za a kai masa? Na ce Fatakwal. Masinjan kotu, wani dogo mai tsohon mashin, ya ce Fatakwal gari ne, ba adireshi ba. Aka aika wa danginsa, suka ce su ma nemansa suke. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Daga ƙarshe alƙali ya ba da umarni a je a manna sammacin a ƙofar gidan da aka san ya zauna na ƙarshe, wai ta haka shari'a za ta ɗauka an sanar da shi. Ni ce zan nuna gidan.

Tun ranar rusau ban sake taka wajen ba. Na hau bayan mashin ɗin masinja muka kama hanyar filin jirgi. Da muka isa ban gane komai ba. Inda mai wanki yake, da rijiyar da muke layi, da masallacin kwano, duk sun zama doguwar katanga mai waya a sama, a ciki gidaje iri ɗaya masu jan rufi. Na yi ta kai da kawowa a gindin katangar ina auna wajen da wani dutse da nake gani daga tsakar gidanmu. Na nuna wani wuri na ce ina jin nan ne. Ban tabbata ba.

Masinja ya duba takardar hannunsa. "Oga ya ce a ƙofa. Ina ƙofa?"

"Tana gidana a Jikwoyi," na ce. "Da ita nake rufe ɗaki."

Ya dube ni, ya yi dariya, da ya ga ban yi ba ya haɗiye sauran. Maigadin wajen ya fito yana faɗa, aka nuna masa hatimin kotu ya koma wajen aikinsa. Masinja ya shafa gam ya manna sammacin a katangar mutanen da ba su taɓa jin sunan mijina ba, ya ɗauki hoto da waya don a sa a fayil. Hadari ya riga ya haɗo ta gabas. Na san kafin la'asar ruwa zai wanke takardar.

Daga nan sai zaman jira. An ce in kawo shaidu biyu da suka san aurena suka san tafiyarsa. Yayana ɗaya. Na biyun sai da na sha wuya, don rusau ya watsa maƙwabtanmu, wasu Mararaba, wasu Suleja, wasu sun koma garuruwansu. Da ƙyar na samo wani tsohon tela da muka yi katanga ɗaya da shi. Ranar da ya zo, alƙali ya tafi taro. Ranar da alƙali ya zauna, tela yana kwance da zazzaɓi. Na san kowane rami a hanyar Nyanya, na san mai kunun da ke bakin kotu har ta daina tambayata abin da zan sha.

A kowane zama, kafin a fara, sai ɗan sanda ya fita bakin ƙofa ya ƙwala kiran sunan mijina. Kowa ya san ba zai amsa ba. Amma duk lokacin da aka kira sai na waiwaya. Ina tsoron ya shigo ya ɓata mini komai, kuma in aka rufe ƙofa bai shigo ba sai in ji haushi, wai ko wannan ma ban isa ya zo ba.

A can Sheda kuwa an haƙe doya, an sake yin kunya an dasa wata. 'Yan'uwan direban nan mai nemana suka fara yi masa maganar wata bazawara a Kwali wadda takardarta ke hannunta. Shi da kansa ya gaya mini, a rumfa, yana murza gefen wata atamfa. Na ce masa in ya gaji ya tafi, ba zan riƙe shi ba. Da zafi na faɗa, ina addu'a a zuci kada ya ɗauka. Sai kawai ya tambaye ni ranar zama na gaba. Ranar kuwa na tarar da shi a benci a tsakiyar mata, hularsa a gwiwa.

Da aka gama jin shaidu, aka ba ni Alƙur'ani na rantse cewa bai bar mini komai ba, kuma tun da ya ɓace bai aiko ba. Alƙali ya ƙara ba da wa'adi ko zai ɓullo. Bai ɓullo ba. Ranar da aka raba auren maganar ba ta kai tsawon cinikin turmi ɗaya ba. Sannan alƙali ya ce in je in yi idda. Na ce ranka ya daɗe, na yi tun tuni. Ya ce waccan ba a kan komai na yi ta ba, wannan ce ta gaskiya. Takardar da aka ba ni falle ɗaya ce, siririya, da hatimi a ƙasa. Na zaci zan yi murna. Barci kawai nake ji, na yi ta gyangyaɗi a mota har Jikwoyi.

Na yi iddar a bayan ƙofar nan, ina ɗaga ta da gwiwa safe da yamma. Da aka ɗaura aure, angon ya zo kwasar kaya da motar wajen aikinsu. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa ya ce mai kyau ne, irinsa ya yi tsada yanzu, ko a ɓalle a tafi da ita? Na ce a bar wa mai gida.

Wadda za ta gaji ɗakin ta iso muna ɗaure katifa, wata matashiya mai koyarwa a makarantar kuɗi. Na miƙa mata makulli ta gwada. Ta murɗa, ta tura, ta sa kafaɗa, ƙofa ta ƙi. Na nuna mata inda za ta sa gwiwa. Da ta buɗe sai ta tsaya tana haki tana duban ƙasan da ya goge siminti.

"Anti, wane ne ya yi wannan ƙofa haka?"

Na buɗe baki da amsar da na saba, sai na tsaya.

"Wani mai walda ne," na ce. "Ki riƙa sa mata mai lokacin damina."